Bayan Annoba, Wa Zai Koya Wa Yara Ƙira?

A cikin shekarar 1912 wani marubuci mutumin ƙasar Amurka, mai suna Jack London, ya fitar da wani ƙagaggen labari wanda ya kira The Scarlet Plague, watau Jar Annoba. Labarin ya soma ne da wani tsoho tukuf, saye da warkin akuya, yana dogara sanda bisa tsohuwar hanyar jirgin ƙasa wadda daji ya riga ya cinye, ga jikansa a gaba riƙe da kwari da baka. Shi wannan tsoho, a zamanin da duniya ke kwance, shaihun malami ne a Jami'ar Kalifoniya. Amma a cikin labarin wata annoba ta auko a shekarar 2013, ta share 'yan Adam sai ɗaiɗaiku, ga shi kuma har shekara 60 ta shige. Da suka isa bakin teku, tsohon ya zauna yana ba jikokinsa uku labarin duniyar da ta wuce. Yaran ba su san ƙidayar da ta wuce yatsun hannu ba, sai da ya tara tsakuwa da ƙwayoyin yashi da ɓawon ƙaguwa kafin ya nuna musu abin da ake nufi da dubu da miliyan. Da ya gaya musu cewa waɗansu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani suka kashe mutane, sai suka yi masa dariya, suka ɗauka ruɗewar tsufa ce.

Wani abin mamaki, a cikin labarin an ce jama'ar duniya ta kai biliyan 8 a shekarar 2010, ga shi kuwa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da sanarwar cikar wannan adadi a watan Nuwamba na 2022. To, amma ba wannan dace ne ya sa har yau ake karanta littafin ba. Abin da ke tsaya wa mai karatu a rai shi ne halin wannan tsoho: ga ilmi cike da kai, ga ajali ya matso, babu mai karɓa. Tun daga wancan lokaci marubuta da yawa sun bi sawun Jack London, suka rubuta labarun mutanen da suka tsira daga annoba suna ƙoƙarin sake kafa zaman duniya. Wanda ya karanta su da natsuwa zai tarar cewa ita cutar kanta shafuka kaɗan take ci. Sauran littafin duk yana kan tambaya guda ce: idan masu sani suka mutu, ta yaya abin da suka sani zai isa ga na baya?

Mafarin Irin Wannan Labari

Kafin Jack London akwai wata Baturiyar Ingila, Mary Shelley, wadda aka fi sani da littafinta Frankenstein. A shekarar 1826 ta buga The Last Man, watau Mutum Na Ƙarshe, inda annoba ta bi ƙasashe ɗaya bayan ɗaya a ƙarshen ƙarni na 21, har ya zamana saura mutum guda, Lionel Verney, yana yawo shi kaɗai cikin kangayen birnin Rum. Ba a banza ta rubuta haka ba. A lokacin ta riga ta binne 'ya'yanta uku daga cikin huɗu, mijinta kuma ya nutse a teku a 1822. Littafinta kuka ne na wanda aka bari shi kaɗai, babu maganar sake gini a cikinsa, domin mutum ɗaya ba ya zama gari.

Waɗanda suka biyo bayanta sai suka sake lissafi. Suka bar mutum ɗaya cikin ɗari, ko ɗaya cikin dubu, suka bar musu gidaje da kantuna da motoci da ɗakunan karatu lafiya lau. A nan ne labarin annoba ya sha bamban da labarin yaƙi. Yaƙi yakan rushe gini ya bar mutane, ita kuwa annoba takan ɗauke mutane ta bar gini. Saboda haka marubucin yana iya gwada wani abu da ba a iya gwadawa a zahiri, watau a ga ko kayan zamani su kaɗai za su iya riƙe wayewar kai idan masu sarrafa su sun tafi.

Guduma Da Ɗakin Karatu

Littafin da ya fi zurfafa bincike a kan wannan batu shi ne Earth Abides, watau Ƙasa Tana Nan, na George R. Stewart, wanda malamin Turanci ne a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. An buga shi a 1949, ya ci lambar yabo ta ƙasa da ƙasa a 1951, an kuma mai da shi wasan talabijin a 2024.

Tauraron labarin wani ɗalibin jami'a ne, Isherwood Williams, ana ce masa Ish. Yana can cikin duwatsu yana bincike sai maciji ya sare shi, ya kwanta jiyya shi kaɗai a wata bukka. Ko da ya warke ya sauko, sai ya tarar da garuruwa wayam. Abin da ya sauko da shi daga dutse kawai wata tsohuwar guduma ce ta masu haƙar ma'adinai da ya tsinta. Ya ɗauki mota ya ratsa Amurka har birnin Niyok don ya ga abin da ya rage. A Jihar Arkansas ya tarar da waɗansu baƙaƙen fata uku suna ci gaba da nomansu da kiwon kaji kamar yadda suka saba. A Niyok kuwa ya sauka wurin wani mutum da wata mata da ke zaune a bene mai kyau, suna cin abincin gwangwani, ba su san yadda ake shuka ko ƙwaya ɗaya ba. Ish ya bar su yana sane da cewa da wuya su ga bayan hunturu. Tun daga nan marubucin ya nuna wa mai karatu inda ya dosa.

Da ya komo Kalifoniya sai ya haɗu da wata mata mai suna Em, suka yi aure, sannu a hankali waɗansu suka zo suka zauna kusa da su, har da wani kafinta mai suna George da wani mai suna Ezra. Kowace shekara Ish yakan ɗauki gudumarsa da kurfi ya sassaƙa lambar shekara a jikin wani falalen dutse, su kuma raɗa wa shekarar suna bisa abin da ya faru a cikinta, kamar dai yadda kakanninmu ke cewa shekarar fara ko shekarar yunwa. Wutar lantarki ta ɗauke tun da wuri. Tururuwa suka yi yawa suka ƙare, ɓeraye suka yi yawa suka ƙare. Amma kantuna na nan cike da gwangwanaye, famfo kuma yana ta zuba, saboda haka babu wanda ya ga dalilin wahalar da kansa. Ish yakan tara su ya yi ta gargaɗi cewa wata rana abin nan zai ƙare, su saurara, su yaba da jawabinsa, gari ya waye kowa ya koma harkarsa.

Sai a shekara ta 22 famfo ya ƙafe. Bututu ya daɗe yana yoyo a wani wuri, babu wanda ya san yadda aka shimfiɗa shi balle ya gyara. Ranar nan ne suka fara tunanin gina rijiya, alhali kuwa masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Babban burin Ish shi ne ɗakin karatu na jami'a. Ya toshe tagoginsa don kada ruwa ya shiga, ya hana yara wasa a ciki, ya kuma buɗe makaranta yana koya musu karatu da lissafi. Amma yaran da aka haifa bayan annoba ba su ga amfanin baƙi a takarda ba, hankalinsu na wurin kamun kifi da tseren shanu. Yaro ɗaya ne kaɗai ya kama karatu da zuciya ɗaya, watau ɗansa Joey, kuma a kansa Ish ya ɗora dukan begensa. Sai zazzaɓin taifot ya shigo musu, ya ɗauke waɗansu, cikinsu har da Joey. Ga littattafai jibge a ɗaki, babu ko ɗaya da ya ɓace, amma daga ranar da aka binne yaron nan sun zama tarin takarda.

A nan ne Ish ya yi abin da ya sa littafin ya fita daban. Ya rufe makaranta. Ya lura cewa harsashi zai ƙare, ashana ma za ta ƙare, sai ya sassaƙa baka da kibiya ya ba yara a matsayin abin wasa, ya kuma nuna musu yadda ake murza itace a fid da wuta. Abin da aka kasa cusa musu da allo sai ga shi sun karɓe shi da gasa. A ƙarshen labarin Ish ya tsufa ƙwarai, wani tattaɓa-kunnensa mai suna Jack ya nuna masa kibiyoyi masu kyau waɗanda aka ƙera kawunansu da tsabar kuɗin da. Ita kuwa gudumar nan ta zama abin camfi, yara na tsoron taɓa ta. Da ajalinsa ya zo a bisa babbar gadar da ta haɗa San Faransisko da Okland, samari suka kewaye shi suna jira su ga wanda zai miƙa wa gudumar. Ya miƙa wa Jack. Mutumin da ya so ya bar wa zuriyarsa jami'a, abin da ya iya bar musu shi ne baka da wuta da guduma.

Tambayar Kyandir

A Ingila, gidan talabijin na BBC ya nuna wani wasa mai suna Survivors, watau Waɗanda Suka Tsira, daga 1975 zuwa 1977, wanda Terry Nation ya ƙago. A kashi na farko wata mata mai suna Abby Grant ta tafi makarantar kwana neman ɗanta, ta tarar da wani tsohon malami shi kaɗai ya rage. Da ta nuna masa cewa ai kaya na nan jibge a kantuna, sai ya ɗauko kyandir ya tambaye ta ko za ta iya yin irinsa tun daga tushe. Ina za ta samo kakin? Da me za ta murɗa lagwanin? In kuma tebur ne, wa zai sare itacen, da wane gatari, wa zai haƙo tama ya narka ta a ƙera gatarin? Shi kansa malamin da ɗan abin ƙara ji yake saurarenta, batirinsa kuma saura kaɗan.

Mai karatu ya gwada wannan tambaya a kan kowane abu da ke ɗakinsa: allura, sabulu, gishiri, madubin ido, ƙwayar maganin zazzaɓi. Zai ga cewa babu mutum ɗaya a duniya da ya san yadda ake yin ɗayansu daga farko har ƙarshe. Sanin a rarrabe yake cikin kawunan dubban mutane waɗanda ba su san juna ba, kowa riƙe da guntunsa. Ƙarfin zamani ke nan, rauninsa kuma ke nan.

Shari'a Da Shugabanci

Bayan ci da sha, abin da ke biyowa a kusan dukan waɗannan labaru shi ne hukunci. A littafin Stewart, samari biyu da aka aika yawon bincike sun komo da wani baƙo mai suna Charlie, mai ɗauke da mugun ciwon sanyi, wanda ya sa ido kan wata yarinya mai raunin hankali. Babu alkali, babu ɗan sanda, babu kurkuku. Manya huɗu suka zauna, kowa ya rubuta ra'ayinsa a takarda a ɓoye, da aka buɗe duka huɗun kisa suka rubuta. Aka rataye shi a kan laifin da bai riga ya aikata ba, abin kuma bai bar zuciyar Ish ta huta ba. A wasan BBC abin ya fi haka muni, domin jama'ar sun yi ƙuri'a sun kashe wani bawan Allah mai ƙarancin wayo bisa zargin kisan kai, daga baya ta bayyana cewa wani ne ya yi.

Stephen King ya ɗauki wannan batu ya faɗaɗa shi a littafinsa The Stand na 1978. A can wata mura ce da sojoji suka ƙirƙira ta kuɓuce daga sansaninsu, ta kashe fiye da kashi 99 cikin 100. Waɗanda suka tsira suka rabu biyu: waɗansu suka bi wata tsohuwa mai shekara 108 suka zauna a garin Boulder, waɗansu suka bi wani azzalumi zuwa Las Vegas. Mutanen Boulder suka kira taron gari, suka sake amincewa da tsarin mulkin ƙasarsu, suka kafa kwamitin binne gawawwaki da kwamitin maido da lantarki. Amma tun kafin littafin ya ƙare garin ya cika, an fara maganar ba masu tsaro bindigogi, har waɗansu daga cikin waɗanda suka kafa shi suka tattara nasu ya nasu suka bar shi. Tambayar King ita ce, in an sake gina duniya daidai yadda take a da, me zai hana a sake ƙera abin da ya hallaka ta?

Nahiyarmu ma ba a bar ta a baya ba. Deon Meyer na Afirka ta Kudu ya buga Koors da harshen Afirkans a 2016, aka fassara shi zuwa Turanci da sunan Fever, watau Zazzaɓi, a 2017. Cutar da ya zaɓa daga dangin korona take, tun shekara uku kafin duniya ta ji sunan Wuhan a bakin kowa, kuma a labarin ta kashe kashi 95 cikin 100. Wani mutum mai suna Willem Storm da ɗansa Nico suka zaɓi garin Vanderkloof, wanda gari ne na gaske a bakin wata babbar madatsar ruwa a Kogin Orange, saboda akwai ruwa, akwai injin lantarki, wurin kuma yana da sauƙin tsaro. Willem ya buga takardu ya watsa yana kiran mutane ko wane iri ne, baƙi da fari, aka raɗa wa sabon garin suna Amanzi, watau ruwa. Abin da ya ɗaga garin shi ne irin mutanen da suka amsa kira: wata injiniya da ta tayar da lantarki, wani matuƙin jirgin sama, manoma, da wani tsohon soja da ya kare su daga 'yan fashi. Ba a jima ba kuwa rigimar shugabanci ta tashi tsakanin Willem da wani limamin coci. Ko mutum ɗari ne suka rage a duniya, sai an yi gardamar wanda zai shige gaba.

Ba Tuwo Kaɗai Ba

Emily St. John Mandel, 'yar ƙasar Kanada, ta duba abin ta wata fuska a littafinta Station Eleven na 2014, wanda ya ci lambar Arthur C. Clarke a 2015. Shekara 20 bayan wata mura ta share duniya, wata ƙungiyar makaɗa da 'yan wasan kwaikwayo tana yawo gari gari a gaɓar manyan tafkunan Arewacin Amurka, dawaki na jan tsofaffin motocinsu, suna nuna wasannin Shakespeare. A wani filin jirgin sama da ya zama ƙauye, wani dattijo ya buɗe gidan tarihi inda ya jera wayoyin hannu da katunan banki da fasfo, yana yi wa yara bayanin amfaninsu a da. A wani gari kuma mai kula da ɗakin karatu, François Diallo, ya soma buga 'yar jarida yana ɗaukar bayanin waɗanda suka ga abin da idonsu, don kada labarin ya mutu tare da su.

Abin da Mandel ke nufi shi ne, mutum ba ya zama mutum don cikinsa ya cika kawai. Yana bukatar kiɗa da tatsuniya da sanin asalinsa. Su ma waɗannan, kamar ƙira da saƙa, a bakin mutane da hannuwansu suke zaune. Ganga tana iya shekara ɗari a rataye, in makaɗin ya mutu bai koya wa kowa ba, take ya tafi.

Me Tarihi Ya Ce?

To, waɗannan duka ƙage ne. Babu wata annoba a tarihi da ta kashe kashi 99 cikin 100 na mutanen duniya. Amma an yi waɗanda suka girgiza ta, kuma abin da ya biyo bayansu yana gaskata marubutan nan ta wani gefe, yana gyara musu ta wani.

Tsakanin 1347 da 1351 annobar da Turawa ke kira Baƙar Mutuwa ta kashe aƙalla sulusin mutanen Turai, ta kuma yi ɓarna mai yawa a Masar da Sham da Magrib. A birnin Tunis ta ɗauke mahaifan wani saurayi da malamansa da dama. Wannan saurayi shi ne Ibn Khaldun, wanda a 1377 ya rubuta Muƙaddima, inda ya bayyana yadda birane suka zama kufai, dauloli suka raunana. Ya kuma yi dogon bayani cewa sana'o'i ba sa bunƙasa sai inda jama'a ta yi yawa, kuma ba a samunsu sai ta hannun malami. Duk da haka zaman duniya bai rushe ba. A Ingila ma'aikata suka yi ƙaranci har ladan ƙwadago ya tashi, hukuma ta kafa doka a 1351 don ta danne shi. An rasa mutane da yawa, amma a kowace sana'a an sami waɗanda suka rage suka koya wa na baya.

Haka kuma murar 1918, wadda aka ƙiyasta ta kashe mutum miliyan 50 a duniya. Ta sauka Ikko ta jirgin ruwa a watan Satumba na shekarar, ta bi hanyar jirgin ƙasa da koguna ta shiga cikin ƙasa, masana tarihi kuma sun ƙiyasta ta kashe kimanin mutum 500,000 a Nijeriya. Wani masanin tarihi, Don Ohadike, ya nuna a 1981 cewa ƙarancin hannuwan noma da ta jawo ya taimaka wajen yaɗuwar rogo a ƙasashen da ke ƙasan Kogin Kwara, domin rogo bai kai doya cin aiki ba. Watau jama'a ba ta zauna tana jiran gwangwani ya ƙare ba kamar mutanen Ish, ta sake dabara.

Inda zaren ya tsinke da gaske shi ne inda annoba ta haɗu da mamaya. A 1520 cutar agana ta shiga birnin Tenochtitlan na ƙasar Meziko, a 1521 birnin ya faɗa hannun Sifaniyawa. A yankin Yukatan, mutanen Maya suna da rubutunsu na kansu tun ɗaruruwan shekaru. Cututtuka suka rage su, a 1562 wani limamin Sifaniyawa mai suna Diego de Landa ya ƙone littattafansu a garin Mani, sannu a hankali masu iya karatun suka ƙare. Rubutun na nan sassaƙe a jikin duwatsu, jikokin masu shi na wucewa ta gabansa, babu mai iya karanta shi, sai a ƙarni na 20 masana suka soma warware shi, musamman bayan aikin wani Barashe, Yuri Knorozov, a 1952. Ɗakin karatun Ish ke nan a zahiri.

Mu Fa?

Mai karatu a ƙasar nan zai iya yin murmushi in ya ga cewa a waɗannan littattafai ɗaukewar lantarki da ƙafewar famfo su ne alamar tashin duniya. Ƙauyukanmu da yawa ba su taɓa dogara da ko ɗaya ba. A cikinsu akwai mai gina rijiya, da ungozoma, da maƙeri, da tsohuwar da ta san irin geron da ke jure fari, watau irin mutanen da jaruman labarun nan ke yawo suna nema ido rufe. Lokacin da cutar korona ta shigo Nijeriya a watan Fabrairu na 2020, aka ba da umarnin rufe Legas da Ogun da Abuja a ƙarshen Maris, kowa ya ga waɗanda rayuwar birni ke rataye a wuyansu: manomi, da direban babbar mota, da ɗan ga-ruwa, da ma'aikatan asibiti.

Amma kada mu yi saurin bugun ƙirji. A da maƙeran ƙasar Hausa su ke haƙo tama, su gina rahoniya, su narka ta su fid da ƙarfe. Da ƙarafan jirgin ƙasa da na motoci suka wadata a ƙarni na 20, sai narkar tama ta mutu a kusan ko'ina. Maƙerin yau gwani ne, amma da tsohon ƙarfen mota yake ƙera fartanya, kamar yadda Jack ke ƙera kibiya da tsabar kuɗin mutanen da. Ba annoba ce ta kashe wannan sani ba. Tsofaffin da suka iya sun mutu ɗaya bayan ɗaya a kan gadajensu, ba wanda ya tambaye su. Haka masaƙa ke raguwa, haka marina, haka masu sanin itatuwan magani. Abin da ƙagaggen labari ya sa ya faru cikin mako uku, a wurinmu yana faruwa cikin shekara 50, shi ya sa ba a jin ƙararsa.

Ilmin zamani ma haka yake. An kawar da agana daga doron ƙasa a 1980 saboda an sami dubban ma'aikata da aka koya wa yin lamba, suka bi ƙauye ƙauye. Wannan sani ba gado ne da ake ajiyewa a akwati ba. Duk ƙarnin da ya daina horar da likita da malamin asibiti da mai gyaran famfo, ya koma inda kakanninsa suka fito, ko da gine-ginen na tsaye.

Saboda haka amfanin waɗannan littattafai ba tsoratarwa ba ne. Suna sa mutum ya dubi garinsu ya tambayi kansa: wane abu ne mutum ɗaya tak ya sani a nan, kuma wa yake koya wa? In akwai irin wannan dattijo a unguwarku, lokacin aika yaro wurinsa yanzu ne, lokacin zama da shi da alƙalami da takarda yanzu ne. Ya kamata kuma makarantunmu na sana'a da jami'o'inmu su ɗauki wannan aiki da muhimmanci, su shiga ƙauyuka su rubuta, su kuma sa ɗalibai su gwada da hannunsu, domin labarin Ish ya nuna cewa rubutu kaɗai ba ya isa. Su kuma marubutanmu na Hausa, ga fili nan a buɗe. Labarin waɗanda suka tsira a wani gari na bakin Kogin Hadeja ko na gindin Dutsen Dala ba zai yi kama da na Kalifoniya ba, kuma akwai abin da duniya za ta koya a cikinsa.

Allah ya kiyashe mu da annoba, ta fili da ta ɓoye, ya kuma ba mu ikon karɓar abin da ke hannun magabata tun suna raye, amin.